Katakon Alwine

A ƙauyukan bakin kogin Lippe, idan manomi zai aurar da 'yarsa, ba tukwane da zannuwan gado kaɗai yake loda mata a keken doki ba. Yakan sa a sare bishiya a tsaga, ya haɗa mata da katakon da za a yi akwatin gawarta da na mijinta ranar da ta Allah ta kasance. Ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin mugun fata. Gata ne, domin a wurinmu 'yar mutunci ba ta shiga ƙasa cikin abin aro.

Da irin wannan katako Alwine ta shigo garinmu tana amarya. Bishiyar ƙofar gidansu ubanta ya sare mata, wadda ta yi wasan ƙasa a gindinta, itace mai tauri da nauyi, sai an cije baki ake ɗaga falle ɗaya. A gefen kowane falle tsohon ya zana harafin farko na sunanta da bakin wuƙa. Aka hau da su ɗakin tarkace na ƙarƙashin rufi aka jera. Duk kaka sai ta hau tsani ta juya su don kada su lanƙwashe, ta goge su tas, ta shanya yankakkiyar tuffa a kai. Shekara kusan arba'in tana wannan hidima.

Mijinta Kaspar yakan tsaya a gindin tsani ya ce, "Kin fi kula da gidanki na can fiye da na nan."

Ita kuma ta leƙo ta ce, "A na can zan fi daɗewa, Malam Akawu. Kuma can ba mai shigo mini da taɓo a takalmi."

Kaspar Tenhagen akawu ne a tashar jirgin ƙasa, shi ke sayar da tikiti ta taga har ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, ba ya sha har ya bugu, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Aibinsa ɗaya: in gwamnati ta ce gobe rana za ta fito daga yamma, to zai juya kujerarsa ya fuskanci yamma ya jira. Da aka fara babban yaƙi aka ce a ranta wa ƙasa kuɗi, ya kwashi duk abin da suka tara ya kai. Aka ce a ba da zinariya a karɓi ƙarfe, ya zare zoben aurensa ya miƙa, aka ba shi na ƙarfe. Aka ce a ba da 'ya'ya, ya raka ɗansu Ewald har bakin jirgi yana dafa masa kafaɗa. Akwatin kayan yaron kawai ya dawo. Aka ci mu da yaƙi, sarki ya tsallake iyaka, amma Kaspar bai fasa goge takalminsa ya je karɓar fansho da baƙar kwat ba.

Sai shekarar 1923 ta zo mana da nata. Sojojin Faransa suka shigo suka kama tasha da ramukan kwal, ma'aikata suka shiga yajin aiki, kuɗi kuwa ya haukace. Fanshon da a da yake riƙe gida har a yi ragowa, in Kaspar ya karɓo shi da safe, kafin ya taka zuwa gidan burodi ya narke masa a aljihu kamar ƙanƙara. Mai burodi ya gaji da goge allon farashi. Kayan ɗaki suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya zuwa gidajen manoma: kabad ya tafi a kan gari, teburin cin abinci ya tafi a kan wake. 'Yarsu Hedwig ce take wannan musaya, Kaspar yana kawar da kai. Alwine ta kama tari, ƙafafunta suka kumbura, hawa tsani ya gagare ta.

Har mutuwa ta fi ƙarfin talaka a wannan shekara. Da hukumar gari ta ga mutane ba sa iya sayen akwatin gawa, sai ta sa aka ƙera guda ɗaya, baƙi, mai kyan gani, har da hannaye masu ƙyalli. Gindinsa kuwa ƙyaure ne. Sai a naɗe mamaci cikin takarda mai kauri a sa shi ciki, Fada, limamin coci, ya yi addu'a, a zura akwatin cikin kabari da igiya. Ba a kai shi ƙasa, don ƙyauren ya samu wurin buɗewa. Daga nan sai Jupp mai haƙa kabari ya ja wani ƙarfe. A ɗago akwati fanko, a goge shi, a kai wa na gaba.

A jana'izar maƙwabciyarsu Lisbeth ne Kaspar da Alwine suka fara ganin haka da idonsu. Alwine ta nace sai ta je, tana dogara hannun Kaspar. Jupp ya kawar da kai ya ja ƙarfen, sai aka ji "tim" daga cikin ramin. Ba ƙara ce babba ba, amma ba wanda bai ji ta ba. Kaspar ya ji yatsun matarsa sun nutse a damtsensa.

Sai da suka kusa gida ta yi magana. "Ka ji yadda ta faɗi? Lisbeth fa, wadda ko kofi ba ta ajiyewa da ƙarfi."

"Ba ta san an yi ba, Alwine."

"Ni na sani ai. Maigida, komai ya fita daga gidan nan, ban ce uffan ba. In ka ga dama ka sayar da gadon da nake kwance. Amma katakona yana nan. Ni ba za a zubar da ni kamar kwal a rumbu ba."

"Wa ya ce za a taɓa miki katako?" in ji shi, har da ɓata rai. Kuma a ranar da gaske yake.

Da sanyi ya fara shigowa, tarin ya tsananta. Likita ya ce sai madara, sai ƙwai, sai man shanu, sai wani magani. Da ya ce a ciro wata daga sama ma duk ɗaya ne. Kaspar ya zauna yana kallon matarsa tana shan ruwan kabeji tana cewa ta ƙoshi. A cikin wannan hali Stratmann ya tare shi a hanya. Stratmann dillalin katako ne, wanda kafin yaƙi sai ya cire hula yake gaida Kaspar, yanzu kuwa yana yawo da riga mai gashi a wuya.

"Yallaɓai, an ce kana da busasshen katako a sama, irin na da. Ina da mai so."

Kaspar ya ce ba na sayarwa ba ne. Bayan kwana biyu shi da ƙafarsa ya je. Ya gaya wa kansa cewa rai ya fi akwati, kuma da ta warke, abubuwa suka daidaita, zai sayo mata wani kafin ta iya hawa tsani. Ya so ya sayar da rabonsa kawai, amma Stratmann ya ce mai saye duka yake so, don launin ya zo ɗaya.

"Ni ba zan cuce ka ba, Yallaɓai," in ji Stratmann. "Buhunan dankali, da gefen alade mai gishiri, da tulun man shanu. Gobe da safe suna ƙofarka. Da dankali a hannu ba abin da ba za ka musanya ba, har maganin."

Kaspar ya miƙe wuya. "Ka ga na yi kama da mai musayar kaji a kasuwar ƙauye? Ni da na yi rayuwata ina karɓar kuɗin gwamnati ta taga? Ciniki da kuɗi ake yinsa, Stratmann."

"Yallaɓai, kuɗin nan fa..."

"Gwamnati ta yi alkawari. Yana cikin jarida. Kafin ƙarshen wata za a tsayar da shi."

"Wace gwamnatin? Ta watan jiya ko ta wannan watan?"

"Kuɗi na ce."

Stratmann ya ɗaga kafaɗa. Shi dai ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa, ba a karɓa ba, ba zai yi dambe a kai ba. Har yau in aka tuna wannan ciniki a garinmu sai an girgiza kai, domin macucin ya so ya yi adalci, mai gaskiyar ya hana shi.

Ranar Juma'a, da 'yarsu Hedwig ta kai uwarta wurin likita, aka zuro fallayen da igiya ta ƙofar sama mai kallon titi. Kaspar ya karɓi takardun kuɗi cike da jakar matashin kai, sababbi, tawadarsu ko bushewa ba ta gama yi ba. A farashin wannan yini sun isa madara da ƙwai da magani har tsakiyar hunturu. Ya ce gobe Asabar ranar kasuwa, zai fita da sassafe ya yi sayayya a tsanake, yadda ake yi.

Da la'asar ɗin nan matan masu yajin aiki suka fasa kantunan babban titi. 'Yan sanda suka yi harbi, 'yan jar tuta suka fito daga unguwar ramukan kwal, wasu samari masu ƙyalle a damtse suka fito ta ɗaya gefen, aka yi ta jifa da duwatsun titi. Sojojin Faransa suka sa dokar hana fita. Kasuwa ba ta ci ba. Kantuna suka rufe da katako, suka ƙi buɗewa kwana da kwanaki. Kaspar yana zaune a gida da jakarsa a ƙarƙashin gado, yana jin harbi daga nesa, yana ji a jikinsa yadda abin da ke cikin jakar yake mutuwa.

Ranar da aka buɗe, ya bi layi tun da duhu-duhu. Ya dawo da ɗan curin man shanu da ƙwai a cikin hularsa, waɗanda ba su rufe gindin hular ba.

"Ina ka samo?" in ji Alwine.

"An ƙara mana fansho."

"Allah ya saka wa gwamnati," ta ce, ta ci ƙwan a hankali.

Daga nan ta kwanta, ba ta ƙara tashi sosai ba. Gadonta yana daidai ƙarƙashin ɗakin tarkacen. Wata safiya ta ce, "Maigida, kaka ta wuce ba a juya katakon nan ba. Hau ka juya mini, in ji motsinsa."

Ya hau. Ɗakin wayam, sai shatin fallayen a cikin ƙura, da ƙanshin tuffa da bai gama fita ba. Ya tsaya ya rasa abin yi. Can ya hango akwatin kayan Ewald a lungu. Ya kama shi ya ja a kan daɓe, ya ɗaga gefe ɗaya ya sake shi, ya taka da ƙarfi, ya yi nishi, ya sake ja. Dattijo mai furfura, tsohon akawun gwamnati, yana wasan kwaikwayo shi kaɗai da akwatin mataccen ɗansa. Da ya sauko yana haki, ta tambaye shi ko akwai wanda ya tsage.

"Ko ɗaya. Lafiyarsu lau."

"Madalla."

Bayan 'yan kwanaki ta sake cewa ya hau, ya hau. Ta sake, ya sake hawa. Kunya ta riƙa cinsa fiye da yunwa.

Abu ɗaya ya rage masa mai daraja, agogon aljihu da aka ba shi ranar ritaya. Ya ɗauka ya tafi wurin Stratmann, ya ce ko rabin katakon ne a mayar masa.

"Ayya, Yallaɓai, ai tun a makon aka aikata shi. Je ka mashayar bakin gada ka gani."

Ya je. Dogon tebur ne sabo a tsakiyar mashayar, an goge shi yana sheƙi. Samarin nan masu ƙyalle a damtse sun kewaye shi, suna buga kofunan giya a kai, suna gardamar wanda ya ci amanar ƙasa da wanda za su rataye in mulki ya zo hannunsu. Giya ta zube tana bin tsagin itacen. Kaspar ya matsa kamar mai neman wurin zama, ya zura hannu ƙarƙashin gefen teburin. Yatsansa ya faɗa cikin harafin da surukinsa ya zana da wuƙa.

Wani saurayi ya daka masa kafaɗa. "Baba tsoho, zauna mana! Kai ka ga zamanin da ƙasar nan take ƙasa. Gaya musu wa ya sayar da mu!"

Kaspar ya dube shi, ya sa hularsa ya fita.

Da ya isa gida Hedwig tana ba uwarta ruwa da cokali. Alwine ta ce 'yar ta ɗan ba su wuri. Muryarta ta zama siririya, amma bakin yana nan yadda yake.

"Zauna, Malam Akawu. Yau ba sai ka hau ba. Ka bar akwatin yaron nan ya huta, za ka farfasa masa kaya."

Kaspar ya zauna a bakin gadon.

"Shekara nawa ina juya katakon nan da hannuna? Ka zaci ban san muryarsa ba? Tun ranar farko na ji. Kuma matar Stratmann ta zo duba ni, ka san bakinta ba ya riƙe ruwa."

"To me ya sa kika yi ta tura ni?"

"Haushi nake ji. Na ce bari ka ɗan wahala." Ta yi tari, ta huta. "Daga baya kuma sai na ga in kana can sama kana ta fama, kamar katakon yana nan. Har barci nake yi."

"Alwine, don ke na..."

"Na sani. Na ci ƙwan ai, ya yi daɗi." Ta juyo ta dube shi sosai. "Amma kai ma dai, Kaspar. Da ka karɓi dankalin."

Nan ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da akwatin Ewald ya iso. Ita ce ma ta riƙa shafa masa hannu, a wurin da zoben ƙarfen yake.

"Ya isa. Abin da ya tafi ya tafi. Baƙin akwatin nan zan shiga, na riga na haƙura. Faɗuwar ce kawai nake tsoro. Na san ba zan ji ba, kar ka sake gaya mini. Amma ina tsoro."

"Ba za ki faɗi ba."

"Kar ka ƙara yi mini alkawari, Maigida. Ba ka iya ba."

Ta rasu a farkon watan Nuwamba. Ba a yi mako biyu ba aka fito da sabon kuɗi, wanda ya tsaya da ƙafarsa, kamar yadda jarida ta yi ta faɗa. Gwamnatin Kaspar ta cika alkawarinta, sai dai ta makara, kuma bai ƙara karanta jarida ba har ya mutu.

Ranar da ta rasu ya zaga duk kafintocin gari da agogonsa a hannu. Ba mai katako, wanda yake da shi kuma abinci yake so, ba agogo ba. Gidan na haya ne, ba dama ya ɓalle ƙofa. Gadon na ƙarfe ne. Hedwig ta wanke uwarta, ta sa mata rigar cocinta, aka naɗe ta cikin takarda mai kauri, aka kawo baƙin akwati mai hannaye masu ƙyalli.

Ranar jana'iza an kwana ana ruwa. Mutane ba su da yawa, kowa ya sunkuyar da kai, don kowa ya san abin da zai ji in Fada ya rufe littafi. Fada ya rufe. Masu igiya suka gyara tsayuwa. Sai Kaspar ya cire hularsa ya miƙa wa Hedwig.

"Jupp, kawo tsaninka."

"Na me, Yallaɓai?"

"Zan shiga."

Jupp ya dubi Fada. A garinmu ba a taɓa ganin mai rai ya shiga kabari ana tsakiyar jana'iza ba, sai dai mai haƙa shi. Fada ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam Tenhagen, ba a yin haka. Akwai ƙa'ida."

"Na san ƙa'ida, Fada. Ba wanda ya kai ni bin ta a garin nan. Jupp, tsani."

"Baba, za ka zame," in ji Hedwig tana kuka. "Dubi taɓo."

Bai saurare ta ba. Jupp ya zura tsanin, tsohon ya sauka a hankali da baƙar kwat ɗinsa ta karɓar fansho, takalmin da ya goge da safe ya nutse cikin laka har idon sawu. Ya jingina bayansa da bangon ramin. Aka janye tsani, aka fara zuro akwatin, duhu ya rufe shi. Da ya zo daidai ƙirjinsa ya ce a tsaya. Ya durƙusa a cikin taɓon, ya shimfiɗa hannuwansa biyu a ƙarƙashin ƙyauren.

"Ja a hankali, Jupp."

Jupp ya ja. Mutanen da ke sama suka runtse ido suna jiran ƙarar nan. Ba su ji komai ba, sai ɗigar ruwa daga bishiyoyi.

A ƙasa kuwa Kaspar ya tare ta a ƙirjinsa. Ya shirya wa nauyi, ya cije baki yadda ake yi in za a ɗaga katakonta, sai ya ji ba ta kai nauyin falle ɗaya ba. Ya kwantar da ita a hankali, ya gyara takardar a wajen kanta inda ta ɗan buɗe. Aka ɗago akwati fanko, haske ya shigo, Jupp ya zuro tsani yana cewa, "Yallaɓai, hau mana." Amma ya daɗe a durƙushe, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kanta, ya rasa yadda zai zare shi ya bar ta a kan laka.